Louis Armstrong: Mai busa ƙahon Amurka da ya gana da Sardauna a 1960

A watan Oktoban 1960, makonni kaɗan bayan Najeriya ta samu ’yancin kai, wani baƙar fatar Amurka ɗan shekara 59 ya sauka a ƙasar riƙe da ƙaho da farin hankici. Sunansa Louis Armstrong, amma an fi saninsa da Satchmo. A wannan ziyara ya leƙo Arewa, inda ya gana da Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a Kaduna. Hoton ganawar yana nan har yau.

Ƙahon nasa ba kakaki ba ne. Kakaki dogo ne, na fada ne, kuma sarakuna ake busa wa. Na Armstrong gajere ne mai maɓallai uku, irin wanda ’yan badujalar sojoji da ’yan sanda ke busawa a fareti, Turawa na kiransa turampet.

A Kano, wajen bariki, inda aka fi jin muryar wannan ƙaho shi ne Sabon Gari, unguwar baƙi da ta kafu bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Fagge. A otal-otal da gidajen rawar unguwar ake kaɗa hailaif, kuma manyan wannan kiɗa na lokacin, irin su E.T. Mensah na Ghana da Victor Olaiya da Rex Lawson, duk masu busa turampet ne kuma masu rera waƙa. Haka shi ma Bala Miller, ɗan asalin Zariya da ya yi aiki da Olaiya. Mai ƙaho ya tsaya gaban makaɗa, ya busa, ya sauke ƙahon ya rera: Armstrong ne ya sa duniya ta san wannan tsari.

Daga gidan horar da yara

An haife shi ranar 4 ga Agustan 1901 a birnin New Orleans, a unguwar talakawa. Shi kansa ya rayu yana cewa 4 ga Yulin 1900 ne, sai bayan rasuwarsa takardar coci ta nuna ainihin ranar. Mahaifinsa ya bar gida tun yana jariri. Yana ƙarami ya yi aiki da iyalan Karnofsky, wasu Yahudawa masu sana’ar gwangwan da sayar da gawayin kwal, waɗanda bai daina ambaton alherinsu ba har ya tsufa.

A daren 31 ga Disamban 1912 ya harba bindiga sama don murnar sabuwar shekara. Aka kama shi, aka kai shi gidan horar da yaran baƙaƙen fata. A can wani malami, Peter Davis, ya koya masa busa. Da ya fito a 1914 ya ci gaba da tura keken gawayi da rana, da dare yana busa a gidajen rawa.

A 1922 ubangidansa King Oliver ya kira shi Chicago. Daga 1925 zuwa 1928 ya ɗauki faya-fayan da ake kira Hot Five da Hot Seven, ciki har da West End Blues na 1928. Kafin su, kiɗan jaz na taro ne, kowa na busa tare da kowa. Bayan su ya zama fagen da mutum ɗaya ke fitowa ya nuna bajintarsa, sauran na mara masa baya.

Faya-fayan gaban jama’a

Abin da ya dawo da shi kan gaba bayan yaƙin duniya na biyu wasa ne na dare ɗaya. Manyan ƙungiyoyin makaɗa masu mutum goma sha suna durƙushewa saboda tsada. Ranar 17 ga Mayun 1947 ya hau dandalin Town Hall a New York da ’yan makaɗa kaɗan, ya koma kan tsofaffin waƙoƙin da kowane makaɗin jaz ya haddace. Wasan ya karɓu ƙwarai, har manajansa Joe Glaser ya rushe babbar ƙungiyar ya kafa ƙarama mai suna All Stars. Da ita Armstrong ya yi yawon duniya har ƙarshen rayuwarsa.

An ɗauki wasansu na 30 ga Nuwamban wannan shekara a Boston, wanda daga baya ya fito da sunan Satchmo at Symphony Hall. Faifan garmaho na wancan zamani minti uku ne kacal a kowane gefe, don haka a situdiyo dole mai busa ya taƙaita. A gaban jama’a kuwa waƙa na iya miƙewa, ana jin tafi, ana jin dariyarsa, ana jin yadda shi da mai busa doguwar ƙaho Jack Teagarden ke zolayar juna.

Masu sharhi sun sha sukarsa cewa kullum abu ɗaya yake yi: ya buɗe da When It’s Sleepy Time Down South, ya bi da Indiana, yau da gobe, shekara da shekaru. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya jera faya-fayan ya saurara zai ji cewa gyara yake yi kaɗan-kaɗan, ya cire nan ya ƙara can, har busar ta zauna yadda yake so, sannan ya riƙe ta. Makaɗan fada ma ba sa sauya taken sarki don an ji shi jiya.

Akwai wani abu da ya kamata mai saurare ya sani game da Ambassador Satch, shahararren faifansa na 1956 da aka tallata a matsayin wasannin Turai. Wasu waƙoƙin da gaske a gaban jama’a aka ɗauke su, kamar na Amsterdam. Wasu kuwa a situdiyo aka yi su, aka liƙa musu tafi daga baya. Busar tana da kyau, amma ba duk tafin ne na gaskiya ba.

Afirka da siyasa

Zuwansa Afirka na farko a watan Mayun 1956 ne, a Accra, lokacin ƙasar na Gold Coast. Ya yi wasa da E.T. Mensah, ya kuma rera wa Kwame Nkrumah Black and Blue, waƙar da ke magana kan wulaƙancin da baƙar fata ke sha saboda launinsa.

A gida, matasan baƙaƙen fata da dama na ganin yana yawan washe baki don faranta wa Turawa. A Satumban 1957 ya ba su mamaki. Gwamnan Arkansas ya hana yara baƙaƙe tara shiga makarantar sakandare a Little Rock, sai Armstrong ya fito fili ya caccaki Shugaba Eisenhower kan jan ƙafa, ya kuma fasa tafiyar da gwamnati ke shirya masa zuwa Tarayyar Sobiyet. An soke masa wasu wasanni, kuma kaɗan ne daga cikin takwarorinsa suka goya masa baya a bainar jama’a.

Duk da haka, shekara uku bayan nan ya amince ya zagaya Afirka. Kamfanin Pepsi ne ya ɗauki nauyin ɓangaren Ghana da Najeriya, ma’aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗauki sauran. Lokacin yaƙin cacar baka ne, Amurka na neman zukatan sababbin ƙasashe, kuma ta ga babu jakadan da ya kai baƙin da ƙasar ba ta gama ba shi cikakken ’yanci ba.

A ƙarshen Oktoba ya isa Leopoldville, Kinshasa ta yau, ana tsakiyar rikicin Kongo, aka ɗauke shi a kan kujera aka shiga da shi filin wasa. Patrice Lumumba na tsare a gidansa a lokacin, kuma an kashe shi ranar 17 ga Janairun 1961. Masaniyar tarihi Susan Williams, a littafinta White Malice na 2021, ta kawo hujjar cewa jami’an CIA sun fake da ziyarar don gudanar da aikinsu a Kongo, ba tare da saninsa ba.

Tafiyar ta ci rai a cikin tawagarsa. Mawaƙiyarsa Velma Middleton ta samu shanyewar ɓarin jiki a Saliyo, ta rasu a Freetown ranar 10 ga Fabrairun 1961. Ƙungiyar ta riga ta wuce don cika alƙawarin wasanni, abin da wasu makaɗan suka daɗe suna jin zafinsa.

Ƙarshen tafiya

A 1964 waƙarsa Hello, Dolly! ta ture The Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka, yana da shekara 62. A Maris ɗin 1965, kwanaki bayan ’yan sanda sun lakaɗa wa masu zanga-zanga duka a Selma, ya rera Black and Blue a Berlin ta Gabas, kuma bidiyon wasan na cikin mafi nauyin abin da ya bari. What a Wonderful World, wadda yawancin masu waya suka san shi da ita yau, ta fito a 1967, kuma babu busar ƙahonsa a cikinta.

Jikinsa ya daɗe da gajiya. Leɓensa ya sha tsagewa tun shekarun 1930, zuciya ta buga masa a Italiya a 1959. A Maris ɗin 1971 likitoci sun gargaɗe shi, amma ya yi wasan mako biyu a otal ɗin Waldorf-Astoria, daga nan aka kwantar da shi a asibiti. Ya rasu a cikin barci ranar 6 ga Yulin 1971 a gidansa da ke Corona, New York.

Gidan ya zama gidan tarihi tun 2003, kuma ana adana ɗaruruwan kaset da ya naɗa da hannunsa. Wasan da ya yi wa BBC a Yulin 1968 ya fito a faifai a 2024 da sunan Louis in London.