Likitan Da Ya Ƙi Ɓoye Ciwo

Mutumin da zan ba ku tarihinsa ba ɗan ƙasar Daura ba ne, amma amfaninsa ya iso har ƙofar gidajenmu. Sunansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti.

An haife shi a Ijebu Ode ran 30 ga Disamba, 1927. Mahaifinsa malamin makaranta ne, mahaifiyarsa kuwa ita ce Funmilayo, wadda ta yi suna wajen nema wa mata haƙƙinsu. Ya yi karatun likita a Dublin ta ƙasar Ailan, sa'an nan ya komo gida ya ƙware wajen duba yara, har ya zama farfesa a Jami'ar Ikko.

Cikin 1985 aka naɗa shi Ministan Lafiya, ya riƙe har 1992. Ya mai da hankali ga ɗakunan shan magani na karkara, da allurar rigakafi, da ruwan gishiri da sukari domin yaro mai gudawa. Duk uwar da ta taɓa dama wannan ruwa a Baure ko Zango ko Mai'aduwa, to, ta ci moriyar aikinsa.

Amma abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne gaskiyarsa. Cikin 1986 ya sanar wa jama'a cewa an sami mai ƙanjamau a Nijeriya, alhali mutane da yawa suna cewa ciwon Turawa ne. Ran 2 ga Agusta, 1997, ƙanensa Fela, mawaƙin nan, ya rasu. Kashegari Olikoye ya tara 'yan jarida, ya faɗa musu da bakinsa cewa ƙanjamau ce ta yi ajalin ɗan'uwansa. Ya zaɓi ya ji kunyar rana ɗaya domin wasu su tsira.

To, me ya sa ɓoyon yake da haɗari? Ƙwayar HIV cikin jini take ɓarna. Tana kashe fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun da ke tsaron jiki. Tana kuma raunana ɓargo, inda ake yin jajayen ƙwayoyi, sai ƙarancin jini ya biyo baya. In tarin fuka ko zazzaɓin cizon sauro ya shigo, abin ya ƙara tsanani. Za ka ga tafin hannun mutum da cikin idonsa sun yi fari, ga jiri, ga haki ko da ɗan tafiya kaɗan ya yi. A gida sai a ce sammu ne, a yi ta jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure. Gwajin asibiti kaɗai ke rarrabe wannan da ƙarancin jini na rashin abinci mai kyau ko na sikila. Maganin farko, AZT na 1987, shi kansa yakan rage wa wasu jini, amma na yanzu sun fi sauƙi, mai shan su kullum yakan farfaɗo ya ci gaba da sana'arsa.

Olikoye ya rasu a Landan ran 1 ga Yuni, 2003, yana da shekara 75.

Roƙona ga iyayenmu shi ne, in an ga waɗannan alamu ga wani na gida, a kai shi a auna jininsa tun da wuri, kada kuma a guje shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.