IMAM ABU HANIFA: MALAMIN DA YA KOYAR DA GASKIYAR CINIKI DAGA SHAGONSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowa ya san Abu Hanifa ɗaya ne daga cikin limaman mazhabobi huɗu. Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, ɗan kasuwa ne shi tun ƙuruciya, kuma hukunce-hukuncen ciniki da na ƙwadago da ya karantar da samari a masallaci, sai da ya fara aikata su a shagonsa.

Sunansa Nu'umanu ɗan Sabitu. An haife shi a birnin Kufa na ƙasar Iraƙi a shekara ta 80 bayan Hijira (699 Miladiyya), a gidan fataken tufafi masu asali da Farisa. Sana'arsu sayar da hazzu, wani yadi mai tsada da ake saƙawa da alharini. Yana saurayi yana kai da kawo a kasuwa, sai babban malamin nan Sha'abi ya lura da kaifin basirarsa, ya yi masa nasiha da ya lizimci majalisar malamai. Ya zauna gaban Hammadu ɗan Abu Sulaimanu shekara 18, har malamin ya rasu a shekara ta 120, aka ɗora shi a wurinsa yana ɗan shekara 40. Duk da haka bai rufe shago ba. Da shi ya ci, da shi ya ciyar, shi ne kuma ya raba shi da miƙa hannu ga sarakuna.

Marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa wata mace ta kawo masa rigar alharini tana neman dirhami 100. Da ya duba rigar, ya gaya mata ta fi haka daraja. Ta ƙara kuɗi, ya ce ta fi, har ta kai 400 tana zaton ba'a yake yi mata. Sai ya sa ta kirawo wanda ya san farashin kaya, aka yi wa rigar ƙima, ya saye ta a 500. Babu wanda zai tuhume shi da ya biya 100, domin mai kaya ce ta yanka kuɗin da bakinta. Amma a wurinsa rashin sanin mai sayarwa ba ganima ba ce.

An kuma ruwaito cewa ya aika abokin kasuwancinsa Hafsu ɗan Abdurrahmani da kaya, ya nuna masa wani tufa mai aibi, ya gargaɗe shi da ya bayyana aibin ga mai saye. Hafsu ya sayar ya manta, bai kuma san inda mai sayen ya nufa ba. Da labari ya iso ga Abu Hanifa, sai ya yi sadaka da kuɗin kayan gaba ɗaya, don kada dirhamin shubuha ya cuɗanya da dukiyarsa.

Ribar shagon nan ita ta raini almajiransa. Mafi shahara a cikinsu, Abu Yusufa, ɗan talakawa ne, iyayensa suna son ya bar karatu ya nemi abin sawa a baka. Da malam ya ga ya daina zuwa, ya neme shi, ya ba shi jaka mai dirhami 100, ya ci gaba da ɗaukar nauyinsa shekaru masu yawa. Ga kuma yadda yake karantarwa: sai ya jefa mas'ala a tsakiyar majalisa, kowane almajiri ya kawo hujjarsa, a yi ta muhawara, sai magana ta nuna sannan a rubuta. Da haka samarin suka koyi auna haƙƙin mai saye da na mai sayarwa, da na mai aiki da na wanda ya sa shi.

A babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, mazhabarsa ta tsaya a kan cewa dole a san ladan kuma a san aikin tun kafin a fara, in ba haka ba yarjejeniyar ta ɓaci. Mai sana'ar da aikinsa ke bayyana a jikin kaya, kamar marini, yana da ikon riƙe kayan har a biya shi. Kuma a ganin Abu Hanifa, kayan da aka kai wa masaƙi ko maɗinki amana ne a hannunsa, in sun salwanta ba da aikinsa ko sakacinsa ba, ba ya ramuwa. A wannan mas'ala ta ƙarshe malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan lamuntar da masu sana'a, domin tsare dukiyar jama'a. Kowane ɓangare zalunci yake gudu, ɗaya a kan mai aiki, ɗaya a kan mai kaya.

Wanda ya dogara da guminsa bai cika jin tsoron fada ba. Gwamnan Banu Umayya a Iraƙi, Ibnu Hubaira, ya nemi ya ba shi muƙami, ya ƙi, aka yi masa bulala, ya ƙaura zuwa Makka wajen shekara ta 130. Bayan mulki ya koma ga Abbasawa, halifa Mansur ya matsa masa ya karɓi alƙalanci, ya sake ƙi. Malam Ɗabari ya kawo cewa lokacin ginin Bagadaza, wanda aka fara a shekara ta 145, an sa shi ƙidayar tubali tare da magina, yana auna jerin tubalin da kara. Daga baya aka tsare shi, ya rasu a shekara ta 150 (767 Miladiyya) yana da shekara 70. Kabarinsa yana unguwar A'azamiyya a Bagadaza.

Irin da ya shuka ya tsira. Abu Yusufa ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashidi, ya rubuta masa Kitabul Haraji, inda ya ja kunnensa game da zaluncin masu karɓar haraji a kan manoma. Muhammadu Shaibani ya wallafa Kitabul Kasbi a kan neman halal, ya kuma tafi Madina ya karanta Muwaɗɗa a wurin Imam Malik. A wurin Shaibani ne Asadu ɗan Furatu ya yi karatu, kuma tambayoyin da ya zo da su daga Iraƙi su ne tushen Mudawwana ta Sahnunu a Ƙairawan, uwar littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaurukanmu.

To, ya ku iyaye da masu shaguna, yaron da ke gabanku yana koyon abin da hannunku ke yi fiye da abin da bakinku ke faɗi. In ya ga kuna tauye tiya, ko kuna ɓoye aibin kaya a ƙasan buhu, ko kuna ja wa ɗan dako rai a kan ladansa har rana ta faɗi, wannan shi ne darasin da zai riƙe. Allah ya saukar da sura guda, Muɗaffifina, da ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye awo. Buhari ya ruwaito cewa wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya cika masa aiki amma ya hana shi lada, yana cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama. Ku yanka wa yaran shagonku lada sananne, ku biya a kan lokaci, ku bar musu sa'ar salla da ta karatu. Malamai kuma kada su tsaya a babin tsarki da salla, su kai almajirai har babin ciniki da ijara, tun da yawancinsu kasuwa za su shiga.

Allah ya jiƙan Imam Abu Hanifa, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya shiryar da zuriyarmu ga cin halal. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.