Luwi na Sha Shida, Sarkin Faransa (1754-1793)

A shekarar 1754, wato shekarar da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasar Gobir, a can ƙasar Faransa aka haifi wani yaro a fadar Barsai, kusa da birnin Faris, ran 23 ga watan Agusta. Sunansa Luwi. Lokacin da aka haife shi ba wanda ya sa masa ran sarauta, don kuwa kakansa Luwi na Sha Biyar ne ke bisa gado, mahaifinsa ne yarima mai jiran gado, sa'an nan kuma yana da wa wanda fada duka ta ƙwallafa rai a kansa. Amma wan ya rasu a 1761, uban ya bi shi a 1765, uwar kuma a 1767. Kafin yaron ya cika shekara goma sha uku ya zama maraya gaba da baya, kuma shi ne magajin ɗaya daga cikin manyan sarautun Turai.

Ya kyautu mu tsaya mu dubi irin sarautar da ke jiransa. Tun zamanin Luwi na Sha Huɗu, wanda ya shekara 72 a kan mulki, daga 1643 zuwa 1715, Sarkin Faransa shi ne wuƙa shi ne nama. Shi ke kafa doka, shi ke ɗaura yaƙi shi ke kwance shi, shi ke naɗa waziri ya tuɓe shi ran da ya ga dama. Da takarda guda mai ɗauke da hatiminsa ana iya ɗaure mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Limaman coci kuma suna koya wa jama'a cewa sarauta daga Allah take kai tsaye, saboda haka ba mahalukin da ya isa ya tambayi sarki dalilin abin da ya aikata. Akwai dai wata tsohuwar majalisar wakilan ƙasa, amma rabonta da zama tun 1614.

Mutanen ƙasar, wajen miliyan 28, an kasa su gida uku: limaman coci, da masu sarauta, sai sauran jama'a. Gida biyu na farko, waɗanda in an haɗa su ba su kai kashi uku cikin ɗari ba, sun riƙe kaso mai tsoka na gonakin ƙasar, kuma an ɗauke musu mafi nauyin haraji. Manomi kuwa ya biya harajin sarki, ya biya harajin gishiri, ya ba coci rabonta daga amfanin gona, ya ba ubangidan ƙasarsa nasa, sa'an nan a kira shi aikin tilas na gyaran hanya. A gida na ukun nan ne kuma ake samun lauyoyi da likitoci da attajirai, mutane masu ilmi da dukiya waɗanda manyan muƙamai suka yi wa nisa don kawai ba su fito daga gidan sarauta ba.

Shi Luwi mutum ne mai kunya, mai nauyin baki, mai riƙo da addininsa. Bai yi halin kakansa na neman mata ba. Ya iya Ingilishi, yana son karatun tarihi da labarin ƙasa, kuma abin da ya fi faranta masa rai shi ne farauta da ƙirar kwaɗo da makulli, har yana da 'yar maƙera tasa a cikin fada. A 1770, yana da shekara 15, aka aura masa Mari Antuwanet, 'yar Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, tana da shekara 14. Aure ne na ƙulla zumunta tsakanin ƙasashe biyu da suka daɗe suna gaba, shi ya sa tun farko Faransawa da yawa suka ɗauke ta bare. Ga shi kuma sai da aka shekara takwas kafin ta haihu, abin da ya ba magulmata abin faɗa. Ran 10 ga Mayu 1774 agana ta kashe kakansa, Luwi ya hau gado bai cika shekara ashirin ba.

Kafin hawansa wata iska ta riga ta fara kaɗawa a ƙasar. A 1748 Montaskiyo ya fitar da littafinsa a kan dokoki, inda ya nuna cewa muddin ikon yin doka da na zartarwa da na shari'a suka taru a hannu ɗaya, to, 'yanci ya yi ƙaura. Bolte ya shafe rayuwarsa yana yi wa coci da kotuna ba'a mai zafi saboda zaluncin da ake yi da sunan addini. A 1762 Ruso ya zo da maganar da ta fi duka kaifi, cewa mulki na jama'a ne, mai mulki wakili ne kawai da aka ɗora bisa yarjejeniya. Hukuma ta haramta wasu daga cikin littattafan, an ma ƙone na Ruso a bainar jama'a, amma sai ana buga su a Holan da Suwizalan ana shigowa da su a ɓoye. Abin mamaki, har 'ya'yan sarauta suna karantawa suna tafawa, ba su lura reshen da suke zaune a kai ake sara ba.

Ba za mu yi wa Luwi adalci ba in muka ce bai nemi gyara ba. Ya naɗa Turgo ma'ajin ƙasa, mutum mai gaskiya da sanin tattalin arziki. Turgo ya rage almubazzaranci, ya buɗe cinikin hatsi, a 1776 kuma ya soke aikin tilas ya maye gurbinsa da harajin da kowane mai ƙasa zai biya, har da masu sarauta. Nan fa fada da manyan kotuna suka tashi haiƙan, sarki ya kasa jurewa, ya sallame shi cikin watan Mayu na shekarar. A ganinmu, duk rayuwar Luwi tana cikin wannan al'amari guda: ya ga gaskiya, ya kama hanyarta, da an yi masa ca sai ya ja da baya. Duk da haka a zamaninsa aka 'yanta manoman da ke ɗaure da gonakin sarki a 1779, aka hana azabtar da wanda ake tuhuma don ya amsa laifi a 1780, aka kuma ba Kiristoci 'yan Furotesta 'yancin rajistar aure da haihuwa a 1787.

Abin da ya karya baitulmali shi ne yaƙin Amurka. Don a rama kayen da Ingila ta yi wa Faransa a 1763, Luwi ya ƙulla ƙawance da Amurkawa masu tawaye a 1778, ya aika musu jiragen ruwa da dakaru da kuɗi. An ci nasara, Ingila ta saki Amurka a 1783. Amma yaƙin ya ci fiye da liba biliyan ɗaya, kusan duka bashi ne da ma'aji Neka ya ciwo da ruwa mai tsada. Bayan haka hafsoshi irin su Lafayet suka komo gida sun ga ƙasar da ta kori sarki ta rubuta wa kanta tsarin mulki, kuma sama ba ta faɗo ba. Zuwa 1788 wajen rabin abin da gwamnati ke kashewa yana tafiya ne wajen biyan bashi da ruwansa. An tara manyan ƙasa a 1787 aka roƙe su su yarda da haraji a kan gonakinsu, suka ƙi. Cikin Yuli 1788 ƙanƙara ta kwantar da alkama a larduna da yawa, hunturu mai tsanani ya biyo baya, burodi ya nemi gagarar leburan birni. Da dabara ta ƙare, sarki ya kira majalisar nan da ta shekara 175 ba ta zauna ba.

Wakilai wajen 1,200 suka hallara a Barsai ran 5 ga Mayu 1789, rabinsu na gida na uku. Gardama ta tashi nan take: kowane gida ƙuri'a ɗaya, yadda limamai da masu sarauta za su riƙa kayar da talakawa biyu da ɗaya, ko kuwa kowane wakili da ƙuri'arsa? Sarki ne kaɗai zai iya raba gardamar, amma ya yi shiru. Mu tuna kuma ran 4 ga Yuni babban ɗansa ya rasu yana da shekara bakwai, uban yana cikin makoki ƙasa na tafasa. Ran 17 ga wata wakilan talakawa suka ɗauki sunan Majalisar Ƙasa. Bayan kwana uku suka tarar an kulle musu zaure, suka koma wani ɗakin wasan ƙwallo suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai sun rubuta wa Faransa tsarin mulki. Sarki ya umarce su su watse, suka ƙi, ya ƙyale su. Daga baya ya tara sojoji kewaye da Faris ya kori Neka, wanda jama'a ke so. Ran 14 ga Yuli mutanen birni suka far wa kurkukun Bastil suna neman albarushi. Fursuna bakwai kacal suka tarar a ciki, amma ginin shi ne alamar ɗaurin da ba shari'a, kuma har yau ranar ce ranar bikin ƙasa a Faransa. A littafin da sarki ke rubuta farautarsa, abin da ya sa a ranar shi ne ba a yi kome ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa gudu. Daren 4 ga Agusta majalisa ta soke fifikon gado, ran 26 ta fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam, wadda ta tabbatar da cewa mutane daidai suke a gaban doka, kuma tushen mulki al'umma ce. Luwi ya yi ta jan ƙafa wajen sa hannu. Cikin Oktoba dubban matan kasuwa suka taka wajen kilomita ashirin cikin ruwan sama zuwa Barsai suna neman burodi, washegari suka taso sarki da iyalinsa a gaba zuwa fadar Tuwileri a tsakiyar Faris. Bai sāke ganin Barsai ba.

Har a lokacin yawancin Faransawa ba su tunanin jamhuriya. Abin da suke so shi ne sarki mai bin tsarin mulki, kamar na Ingila. Abin da ya ɓata wannan fata shi ne dokar 1790 da ta mayar da limamai ma'aikatan gwamnati ta kuma tilasta musu rantsuwa. Luwi ya sa hannu zuciyarsa na ƙuna, Fafaroma kuma ya la'anci dokar. Daren 20 ga Yuni 1791 sarki ya yi shigar bara, ya fice da iyalinsa cikin wani ƙaton keken doki mai nawa, ya nufi iyakar gabas inda sojoji masu biyayya ke jiransa, ya kuma bar takarda yana sukar abin da majalisa ta aikata. Wani mai kula da tashar dawakin gidan waya, Duruwe, ya gane fuskarsa, aka tare su a garin Baren, aka komo da su Faris jama'a na kallo ba mai cire hula. Ya yi rantsuwa da sabon tsarin mulki cikin Satumba, amma wa zai sāke amincewa da rantsuwar wanda aka kamo yana gudu?

Cikin Afrilu 1792 Faransa ta ɗaura yaƙi da Ostiriya, ƙasar sarauniya. Da aka fara shan kaye, zargi ya koma kan fada. Shugaban rundunar abokan gaba ya ƙara wa wutar mai, ya aiko da kashedin cewa zai rushe Faris in aka taɓa sarki. Ran 10 ga Agusta jama'a suka far wa Tuwileri, aka kashe wajen 600 daga cikin dogaransa 'yan Suwizalan, aka kai shi da iyalinsa kurkuku. Ran 21 ga Satumba aka soke sarauta. Cikin Nuwamba maƙerin da ya koya masa ƙirar kwaɗo, Gamen, ya tona asirin wani akwatin ƙarfe da suka ɓoye cikin bangon fada, aka tarar da wasiƙun sirri da ke nuna sarki yana ta ƙulle-ƙulle a bayan majalisa.

An gurfanar da shi cikin Disamba da sunan Luwi Kafe, kamar kowane talaka. Wani tsohon wazirinsa, Malzeb, mai shekara 71, ya fito da kansa ya nemi a bar shi ya kare shi, ya kuwa san abin da hakan zai jawo masa. Shi ma an fille masa kai a 1794. Ba wakili ko ɗaya da ya jefa ƙuri'ar cewa sarki ba shi da laifi. A kan hukunci ne aka rabu, 387 suka zaɓi kisa, 334 suka zaɓi ɗauri ko kora ko jinkiri. Cikin masu neman kisan har da ɗan uwansa na jini, Yariman Oliyan.

Mutumin da ya kasa tsai da magana shekara goma sha takwas a kan gado, a kurkuku sai ya nuna wata natsuwa da ta ba masu gadinsa mamaki. Yana koya wa ƙaramin ɗansa karatu da labarin ƙasa, yana kuma karanta tarihin Sarki Calis na Ɗaya na Ingila, wanda aka fille wa kai a 1649. Ya rubuta wasiyya ya yafe wa maƙiyansa, ya hori ɗansa kada ya nemi fansa. Da safiyar 21 ga Janairu 1793 aka kai shi dandalin da yanzu ake kira Konkod. Ya hau dakalin da ƙafarsa, ya fara gaya wa taron cewa ba shi da laifi, sai aka umarci makaɗa suka rufe muryarsa da ganguna. Injin fille kai ya sauka yana da shekara 38.

Mari Antuwanet ta bi shi cikin Oktoba na shekarar. Ɗansu ya mutu a kurkuku a 1795 yana da shekara goma, 'yarsu ce kaɗai ta tsira. Juyin kuma ya juya kan masu shi: Yariman Oliyan ya hau dakalin a 1793, Robesfiya, wanda ya fi kowa nacewa a kashe sarki, ya hau a 1794, a 1804 kuwa Nafoliyon ya ɗora wa kansa kambi. Da aka mayar da gidan sarautar a 1814, ƙanen Luwi ne ya hau, amma sai da takardar tsarin mulki da majalisa biyu a gefensa. Ɗaya ƙanen, Calis na Goma, ya gwada komawa tsohuwar hanya a 1830, mutanen Faris suka kore shi cikin kwana uku, ya mutu a gudun hijira a 1836.