Otto Gloria: Kocin da ya fara ciyo wa Nijeriya kofin Afirka

An haifi Otto Gloria a birnin Rio de Janeiro na Brazil a 1917. Ya yi suna a ƙungiyar Benfica, kana ya kai Portugal matsayi na uku a gasar cin kofin duniya ta 1966.

Wannan ƙwarewa ce ta sa Nijeriya ta damƙa masa ragamar Green Eagles. A wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas a 1980, ya tura ɗan wasan tsakiya Muda Lawal gaba. Dabarar ta yi aiki: Lawal ya ci ƙwallo guda, Segun Odegbami biyu, aka lallasa Aljeriya 3-0.

Sai dai ya bar aikin bayan an fitar da Nijeriya tun zagayen farko a Libiya a 1982. Ya mutu a 1986.