Alan Blumlein: Injiniyan da ya raba sauti gida biyu, yaƙi ya ɓoye sunansa

Duk mai sayar da waƙoƙi da ya kafa sifika biyu a bakin tashar Kwanar Dangora, da duk direban da ke jin kalangu ta ƙofar hagu, muryar mawaƙi kuma a tsakiyar mota, suna cin gajiyar aikin wani Baturen Ingila da ya mutu tun 1942. Haka ma attajiran Turai da Japan da ke zuba maƙudan kuɗi a kan tsofaffin amfilifaya masu kwalaben wuta, irin na Marantz da Dynaco, waɗanda aka ƙera kafin tiransisto ya karɓe kasuwa. Sunan mutumin Alan Dower Blumlein, kuma ko a ƙasarsu an daɗe ba a san shi ba.

An haife shi ranar 29 ga Yuni, 1903 a unguwar Hampstead ta birnin Landan. Mahaifinsa, Semmy Blumlein, asalinsa Bajamushe ne da ya zama ɗan Birtaniya, mahaifiyarsa Jessie kuma 'yar wani ɗan mishan ce da ya yi aiki a Afirka ta Kudu. Yana ɗan shekara bakwai ya gyara ƙararrawar ƙofar gidansu, ya kuma rubuta takardar neman a biya shi ladan aikinsa a matsayin injiniyan lantarki. Ya yi makarantar Highgate, ya wuce kwalejin City and Guilds, inda ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya a 1923. Daga nan ya yi shekaru biyar yana aikin wayar tarho.

A 1929 ya koma kamfanin faifai na Columbia, ƙarƙashin Isaac Shoenberg, kuma aikin farko da aka ba shi na kuɗi ne tsagwaronsa. A lokacin, duk faifan garmahon da kamfanin ya buga sai ya biya Amurkawa wani kaso, domin fasahar ɗaukar murya da lantarki mallakarsu ce. Blumlein ya ƙera sabuwar na'urar yanka faifai wadda ba ta taka haƙƙin kowa ba, kuma ta fi ta Amurkawan fitar da murya tangaran. A 1931 Columbia ya haɗe da kamfanin Gramophone, aka samu EMI, wanda daga baya ya buɗe reshe a Legas, fayafayan mawaƙan Najeriya da dama suka fita da tambarinsa.

A shekarar ce ya je sinima da Doreen Lane, wadda ya aura a 1933. Abin da ya dame shi a wurin shi ne ɗan wasa yana gefe guda na allo, muryarsa tana fitowa daga wani gefen dabam, saboda sifika ɗaya ce ke ɗauke da komai. Kunnen mutum kuwa biyu ne, kuma daga ɗan bambancin abin da kowanne ya ji ne ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti ya fito. Sai ya tsara yadda za a ɗauki sauti da makirufo biyu, a ajiye shi a hanya biyu, a ƙara masa ƙarfi a hanya biyu, a sake shi ta sifika biyu.

Ranar 14 ga Disamba, 1931 ya shigar da takardar neman mallakar wannan ƙirƙira, aka ba ta lamba 394,325. A cikinta har ya bayyana yadda tsagi ɗaya na faifai zai ɗauki sautin hagu a bango guda, na dama a ɗaya bangon. A Janairun 1934 ya gwada abin a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road, da ƙungiyar makaɗa ta London Philharmonic ƙarƙashin Sir Thomas Beecham. A 1935 ya ɗauki fim na jiragen ƙasa a tashar Hayes, ana jin ƙarar jirgi tana bin hotonsa daga wannan gefe zuwa wancan. Amma EMI bai ga ciniki a ciki ba a zamanin da faifai mai hanya ɗaya ma ke da tsada, sai ya jingine maganar, ya mayar da shi sashen talabijin. Can ma bai yi sanya ba: tsarin layi 405 da BBC ta fara watsa shirye-shirye da shi a Nuwamban 1936 da hannunsa dumu-dumu a ciki.

Abin da ya fi shafar masu son tsofaffin amfilifaya ya zo ne a 1937. Injiniyoyin lokacin suna tsaka mai wuya. Kwalba mai sassa uku tana ba da sauti mai tsabta amma ba ƙarfi, mai sassa biyar kuma tana da ƙarfi amma takan gurɓata murya idan aka ƙure ta. Blumlein ya gano cewa idan aka ja waya daga wani wuri a tsakiyar naɗin tiransifomar da ke kai sauti ga sifika, aka mayar da ita cikin kwalbar mai sassa biyar, za a samu kusan ƙarfin wannan da tsabtar waccan. Waya guda ce kawai aka sauya wa mazauni, ita ce kuma dabarar gaba ɗaya. Shekara guda kafin haka ya yi rajistar wani tsari na haɗa kwalba biyu su riƙa auna bambancin sigina biyu, wanda har yau, bayan an koma tiransisto, shi ne ƙofar shigar sauti a akasarin amfilifaya.

Bai ga ko ɗaya ya shiga gidajen mutane ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka ja shi aikin sirri na rada, na'urar da ke ba matuƙin jirgin yaƙi damar ganin ƙasa cikin dare ko gajimare. Ranar 7 ga Yuni, 1942 ya hau jirgi samfurin Halifax domin gwajin wata rada mai suna H2S. Inji ɗaya ya kama da wuta, bincike ya nuna wani noti ne ba a ɗaure shi da kyau ba, jirgin ya faɗi kusa da ƙauyen Welsh Bicknor. Duka mutum 11 da ke ciki suka mutu, har da abokan aikinsa biyu na EMI. Saura makonni uku ya cika shekara 39, ya bar mata da 'ya'ya maza biyu, da ƙirƙire-ƙirƙire 128 masu rajista. Gwamnati ta rufe bakin maganar don kada Jamus ta san abin da ake gwadawa, kuma wannan shirun ya bi sunansa shekaru da yawa bayan an gama yaƙin.

A 1951 wasu Amurkawa biyu, David Hafler da Herbert Keroes, suka tallata dabarar nan ta tiransifoma da sunan Ultra-Linear, jama'a da dama suka ɗauka tasu ce. A 1958 faifan sitiriyo ya shiga kasuwa a kan tsarin da Blumlein ya rubuta shekaru 27 baya, lokacin kuwa wa'adin mallakarsa ya riga ya ƙare. A 1959 kamfanin Hafler ya fitar da Dynaco ST-70, mai wat 35 a kowane gefe, wadda ake sayarwa a warwatse mutum ya haɗa da kansa a gida, ta kuma zama ɗaya daga cikin amfilifayar kwalba da aka fi saya a tarihi. Marantz 8B da ta biyo baya a farkon shekarun 1960, wadda masu tara kayan da ke rububinta yau, ita ma a kan wannan dabara take. Dukansu biyu sun haɗa ƙirƙirarsa ta 1931 da ta 1937 a akwati ɗaya, babu sunansa a jikin ko ɗaya.

Cikakken littafin tarihinsa na farko bai fito ba sai 1999. A 2015 aka kafa allon tunawa da shi a Abbey Road, a 2017 kuma masu kyautar Grammy suka ba shi lambar yabo ta fasaha, shekaru 75 bayan faɗuwar jirgin.