Jean Racine, Marayan da Ya Koma Wurin Malamansa

Mai karatu, an haifi Jean Racine a Faransa a 1639. Yana shekara 3 ya zama maraya. Malaman Port-Royal suka koya masa tsoron Allah, amma da ya yi suna a rubuta wasan kwaikwayo, ya yi musu ba'a a fili.

A 1677 ya fitar da labarin Phèdre, sarauniyar da ta yi sha'awar ɗan mijinta. Aka yi wa yaron ƙazafi, ya mutu. Lamiri ya dame ta, ta sha guba. Bayan wannan Racine ya nemi gafarar malamansa. Kafin mutuwarsa a 1699, ya roƙa a binne shi kusa da kabarin ɗayansu.

Kai fa, wa ka ɓata wa? Je ka tun da sauran rana.