MALAM MUHAMMADU AL-KATSINAWI, MASANIN LISSAFIN DA YA RASU A MASAR

Yau dai za mu ɗan ajiye maganar girki da reno, domin labarin wani malami na kawo muku, mutumin ƙasarmu, wanda ya rasu a birnin Alƙahira ta ƙasar Masar a shekarar 1741, watau shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, mutumin Katsina. Larabawa sukan rubuta shi Al-Fulani Al-Kashnawi. Abin da ya sa na zaɓo shi kuwa shi ne lissafi, wannan darasi da 'ya'yanmu mata da yawa suke gudu kamar sun ga kura, har wasu iyaye suna taya su da cewa ai kayan Bature ne, kuma aikin maza.

A zamanin da Malam Muhammadu ya tashi, Katsina gari ne na fatake da malamai. Hasumiyar Gobarau tana tsaye, sunan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani yana bakin kowa, ayarin raƙuma na shigowa daga Arewa da hajja da takarda da littattafai. Nan Kano ma mun taimaka wa Katsina ba da niyya ba, domin tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya hau sarauta a 1731, an tsananta haraji a Kasuwar Kurmi, har malamai aka sa su biya, sai Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina.

Ya yi karatu wurin malamai da dama. Akwai Shehu Muhammadu Alwali, mutumin Bagarmi ta wajen Chadi, akwai kuma Shehu Muhammadu Bindu. Wajen shekara huɗu ya yi yana biye da wani malaminsa daban, in yana gida yana tare da shi, in tafiya ta kama su tafi tare. Da farko malamin yakan kira shi da laƙabin mai Muƙama, saboda ya haddace littafin nan na Hariri wanda har gobe ake karanta shi a zaurukan malamanmu na cikin birni, kuma duk wadda mijinta ya taɓa karanta shi ta san irin wuyar Larabcinsa. Da ya ƙware a nahawu sai ya sake masa suna, yana ce masa Sibawaihi, watau sunan babban limamin nahawun Larabci. A wurin Shehu Bindu ɗin ne ya koyi hisabi, da sanin lokuta, da ilmin haruffa, da ilmin aufaƙi.

To, uwargida, kada kalmar aufaƙi ta tsorata ki. Kin san shi sarai. Hatimi ne, irin wanda kike gani an zana a jikin allo ko takarda, gida gida, an zuba lambobi ko haruffa a ciki. Mutanenmu sun fi saninsa ta wajen laya da rubutun sha, kuma malamai sun yi saɓani a kan wannan, ba kuwa shi ne abin da ya kawo mu ba. Abin da nake so ki lura da shi, ƙashin bayan hatimi lissafi ne zalla. Ɗauko takarda, ko ki share ƙasa a tsakar gida, ki zana gida tara, uku a kwance uku a tsaye, ki zuba waɗannan:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Yanzu tara kowane layi a kwance. Za ki sami 15. Tara a tsaye, 15. Tara daga kusurwa zuwa kusurwa, har ila yau 15. Daga 1 zuwa 9 babu lambar da aka bari, babu wadda aka maimaita. In kina ganin abin banza ne, share ki ba 'yarki ta jera da kanta ba tare da ta ga wannan ba, ki ga yadda za ta yi gumi.

Wannan ƙaramin hatimi ya girmi Katsina, ya girmi Kano. Mutanen ƙasar Sin suna da shi tun kafin haihuwar Annabi Isa, suna kuma da wata tatsuniya a kansa. Wai a zamanin wani sarkinsu mai suna Yu, kogin Lo ya yi ambaliya, sai wani kunkuru ya fito daga ruwa da ɗige-ɗige a bayansa, da aka ƙirga sai aka ga waɗannan lambobi tara ne a jere. Tatsuniya ce dai. Amma ba a banza aka jingina abin ga kunkuru ba, domin bayansa a rarrabe yake gida gida. In yara sun kamo shi ki sa su ƙirga manyan gidajen: galibi za su sami biyar a tsakiya, huɗu a dama, huɗu a hagu, 13 ke nan. Ki kuma hana su ƙoƙarin zaro shi daga ƙoƙonsa, gama ƙoƙon nan haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe, ba riga ba ce da zai tuɓe.

Daga baya masana na ƙasashen Musulmi suka ɗauki abin suka faɗaɗa shi ƙwarai, suka gano hanyoyin gina manya manya, har ya iso ƙasar Hausa cikin littattafai. Wannan ilmi ne Malam Muhammadu ya sha har ya ƙoshi tun yana gida, kafin ya taka ƙasar Larabawa. Ina so a riƙe wannan da kyau, domin mun saba ji cewa wane ya tafi Masar ya koyo. Shi da kayansa ya tafi.

Ya yi aikin hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wajen 1730 ke nan. Ku da kuka saba ganin alhazai sun tashi daga filin jirgin sama na Kano da safe, kafin dare suna Jidda, ku tuna cewa a wancan zamani tafiyar ƙasa ce, a ƙafa da jaki da raƙumi, mutum ya yi shekara da shekaru a hanya, yana tsayawa gari gari yana neman guzuri, wani ma ba ya dawowa. Raƙumin da ke ɗauke da su ba ruwa ne a tozonsa ba kamar yadda yara ke cewa, kitse ne, shi yake ci a jikinsa in abinci ya yanke. Malam Muhammadu ya ratsa ƙasashe, ya gana da sarakuna da malamai, har ya rubuta labarin tafiyar tasa.

Bayan hajji ya zauna a Makka, a can ya fara rubuta babban littafinsa mai suna Durrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai. Bai gama shi ba sai da ya koma Alƙahira, a watan Rajab na 1146. Littafin da ya fi shafarmu yau shi ne Bahjatul Afaƙ, na shekarar 1732, wanda ya yi a kan haruffa da aufaƙi. Yana da wani a kan nahawu, da wata waƙa a kan manɗiƙi, watau ilmin tsara hujja, wadda shi da kansa ya yi mata sharhi.

Bari mu ɗan daɗe a kan aikin nasa, domin a nan daɗin yake. Hatimin da ya yi bayani sosai shi ne mai lamba mara, watau wanda gidajen kowane layi ba sa rabuwa biyu daidai: uku, biyar, bakwai, tara, haka nan. Tambaya ta farko, yaya za ki san jimlar da kowane layi zai bayar tun ba ki fara ba? Da sauƙi. Hatimi mai biyar biyar gidansa 25 ne, lambar da ke tsakiya tsakanin 1 da 25 ita ce 13, sai ki ce 13 sau 5, ya ba ki 65. Mai bakwai bakwai gidansa 49, ta tsakiya 25, sau 7 ya zama 175. Gwada da namu na farko: 5 sau 3, ga 15 ɗinki.

Tambaya ta biyu ita ce mai wuya: a ina za a sa kowace lamba? In kika ce za ki yi ta canki-canki da lambobi 25, tuwon dare zai ƙone ba ki gama ba. Masanan aufaƙi sun warware wannan da dabarar da suka aro daga wani wasa mai kama da dara wanda Larabawa ke kira shaɗaranji. A cikin wasan akwai ɗa guda da ake kira doki, tafiyarsa kuwa daban take da ta sauran: ya yi tsalle gida biyu a miƙe, sa'an nan ya ratse gida ɗaya a gefe. Wannan tafiyar doki tana cikin hanyoyin da Malam Muhammadu ya yi aiki da su. Ga wata mai sauƙi irinta, 'yan makaranta ku matso.

Zana gida 25. Sa 1 a gidan farko na sama ta hannun hagu. Daga nan sauka gida biyu, matsa ɗaya dama, sa 2. Sake sauka biyu, matsa ɗaya dama, sa 3. Yanzu kin kai ƙasa, babu wurin sauka. To, sai ki ɗauka takardar naɗe take kamar tabarma, ƙasanta ya haɗu da samanta, damanta ya haɗu da hagunta: in kin fita ta ƙasa ki shigo ta sama, in kin fita ta dama ki shigo ta hagu. Ta haka 4 za ta faɗa layi na biyu, gida na huɗu. Bayan kin sa 5 za ki ga dokin yana so ya sauka a kan 1. Kada ki bar shi. Sa 6 a gidan da ke bisa 5 daidai, ki ci gaba da tsallenki. Haka za ki yi bayan 10, da 15, da 20. In ba ki yi kuskure ba, layinki na sama zai zama 1, 14, 22, 10, 18, kuma ko ta ina kika tara 65 za ki samu. Wani abin mamaki, ko a wane gida kika fara sa 1, muddin kin bi ƙa'idar nan, hatimin zai fita daidai.

A ganina wanda ya iya tunanin naɗe takarda a cikin kansa har gefe ya haɗu da gefe, ya kuma tsara ƙa'idar da wani zai bi ya sami amsa ba tare da yana wurin ba, ya cancanci a kira shi masanin lissafi a kowace ƙasa. A daidai wancan zamani, can a Amurka, Benjamin Franklin, wanda hotonsa ke jikin takardar dala ɗari, shi ma yana zaune yana jera irin waɗannan gidaje don ɗebe kewa lokacin da yake akawun majalisa. Ba su san juna ba.

Malam Muhammadu ya san aikin yana gajiyarwa. A cikin littafinsa ya gargaɗi ɗalibi da kada ya fid da rai in abin ya ƙi fita, ya ce yin haka jahilci ne, ya kuma kwatanta mai neman wannan ilmi da mai neman masoyiya, wanda ba ya samun biyan bukata sai da naci. Ya kuma yi umarni da a riƙe sirri, kada a baza ilmin ga kowa. A nan kam ni malamar makaranta ba na tare da shi, ga shi ma na baza muku a jarida. Amma shi a wurinsa lambobin nan da haruffa abu ne mai alfarma, yana tsoron kada su faɗa hannun wanda zai yi ɓarna da su.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, babban malami a Azhar, masanin taurari da lissafi, wanda kakanninsa suka fito daga wajen ƙasar Habasha. Ku duba fa, mutumin da manyan Masar ke zuwa ɗaukar karatu a wurinsa, shi ne ya zauna gaban baƙonsa Bakatsine ya koyi ilmin aufaƙi. Amana ta ƙullu tsakaninsu, har Malam Muhammadu ya yi wasiyya cewa shi zai kula da abin da ya bari da littattafansa. A gidan ya rasu, a 1154 ta Hijira. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Shehu Hasan ya haifi ɗa fiye da shekara goma bayan haka, aka sa masa suna Abdurrahman. Yaron bai ga baƙon gidansu ba, amma da ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, sai ya sa labarin Malam Muhammadu a cikin littafinsa, da sunayen malamansa, da littattafansa, ya yabe shi da zurfin ilmi. Yawancin abin da na gaya muku na rayuwarsa daga can ya fito.

A zamaninmu kuwa, marigayi Dokta Hassan Gwarzo, wanda ya yi Alƙalin Alƙalai na Jihar Kano, ya yi rubutu a 1967 a kan bayanin da Malam Muhammadu ya yi game da ramzi, watau dabarar nan ta ɓoye shekara a cikin haruffa wadda mawallafan waƙoƙinmu, har da Nana Asma'u, suke rufe waƙa da ita. A 1973 kuma wata malamar lissafi a Amurka, Claudia Zaslavsky, ta fitar da littafi a kan lissafin mutanen Afirka mai suna Africa Counts, ta yi bayanin hatiman Malam Muhammadu daga wani kofe na rubutun hannu da ke ajiye a Landan. Ta wannan littafi ne malaman makaranta na ƙasashe da yawa suka fara jin sunansa, har suna ba yaransu aikinsa a aji.

Wadda ta gama mai biyar biyar, ta zana mai bakwai bakwai ta bi da dokin yadda na nuna, sai dai wannan karon bayan 7, da 14, da 21 ne hanya za ta toshe, har zuwa 42. Jimlar da za ta nema 175 ce.